Wasiƙa daga Garwa: na samo sautin nan

Garwa, daren Laraba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya Yawunde, ya Madam da yara, ya ruwan sama? Mu nan kam zafi ya kankama, da azahar ko bakin Binuwai ka je iskar ma zafi take hurowa, situdiyo sai bayan isha'i nake iya shiga.

Ba zan ja ka da nisa ba. Ka tuna sautin nan mai laushi da ke kwance ƙarƙashin waƙoƙin tsoffin kaset ɗin da muke ji a shagon kawunka, wanda muka kwana nawa muna lalube a fiyanonmu na Yamaha PSR bai fito ba, kai har ka ce ƙila laifin sifika ne? To ba sifika ba ne wallahi. Wasu injuna ne na da, masu aiki da wutar lantarki kai tsaye ba da lissafin kwamfuta ba, kuma yanzu an kwaikwaye su an mayar da su manhaja, ina da su cikin FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, a laftof ɗin nan tawa.

Wanda na fara kamu da shi Juno-60 ne, Roland na Japan suka yi shi a 1982, murya shida gare shi, wato ka danna maɓalli shida lokaci guda duk su yi magana. Sirrinsa wani korus ne mai maɓalli biyu, in ka kunna sai sautin ya buɗe hagu da dama yana lilo a hankali. Kwafinsa TAL-U-NO-LX ake ce masa, ba shi da nauyi sam, ranar da na fara danna shi na kunna korus ɗin sai da na cire hedifon na yi shiru, don kai na tuna.

Daga nan na bi diddigi. Ashe akwai Prophet-5 na 1978, Dave Smith ya ƙera a Kalifoniya, murya biyar, shi ne na farko a irin su da za ka haɗa sauti ka ajiye gobe ka same shi yadda ka bar shi. Akwai CS-80 na Yamaha na 1977, shi kuma nauyinsa ya kai kilo ɗari, ka ga kuwa ba mai moto da zai ɗauko maka shi zuwa gidan biki, kuma irin waɗannan zafi na sa tuninsu ya goce, ka ƙiyasta shi a Garwa cikin watan Afrilu.

Amma fa gocewar nan ita ce abin da nake so ka gane, don ita ta sa na zauna rubuta maka. A injin na gaske irin Prophet-5 da CS-80 kowace murya da nata kayan wuta, ba biyu da suke daidai cif, ɗaya ta ɗan hau ɗaya ta ɗan sauka, in suka haɗu sai ka ji abin yana numfashi. Kamar masu algaita biyu a ƙofar fadar Lamido ranar sallah, ba su taɓa zama layi ɗaya tsaf amma can ne daɗin yake. Fiyanonmu komai nasa a miƙe yake, shi ya sa in muka ɗora kalangu a kai sai ka ji kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Masu manhajar nan sun gane haka, a Diva na u-he, mutanen Balin, akwai shafi guda da za ka karkata kowace murya da kanka, manhajar OB-Xd ma mai bin sawun tsoffin injunan Oberheim tana da irin maɓallan. Satin da ya wuce na yi wa wata amarya waƙa a nan unguwa, na shimfiɗa Juno a ƙasa na ɗan karkata Diva a sama, dattijon da ya buga mana kalangu ya sa na maimaita masa har sau uku kafin ya tafi.

Matsala ɗaya, Diva cin kwamfuta gare shi. Kod (wato maɓallan da ake dannawa tare) huɗu ka riƙe fanka ta fara kuka sauti na tsinkewa, sai dai in bar shi a draft, matakin inganci mafi sauƙi, ina aiki, in na gama in juya shi divine, mafi kyau, in fitar da shi odiyo. Kuma ranar Asabar aka ɗauke wuta batir ya mutu ban yi sebin ba, aikin awa uku ya tafi, abin ya ci mini rai sosai.

To ga roƙona. Da linzami nake zana kod, hannuna na so ya taɓa maɓalli. Don Allah in ka shiga kasuwar Mokolo duba mini kibod na MIDI, wato fiyanon da ake haɗawa da kwamfuta, mai maɓalli 49 mai shiga USB, ko na hannu ne ba komai in dai duk maɓallan na amsawa, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya. Ina da sefa dubu 40 a ajiye, in ya ɗara ka faɗa mini. Ka ba wani amintacce mai hawa jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ƙanena zai karɓa a tasha ya sako shi mota.

Zan turo maka waƙar amaryar ta WhatsApp in netwok ya yarda, ka ji da hedifon ba da sifikar waya ba. Hajiya na gaishe ka, tana tambaya ko za ka zo babbar sallah.

Naka har kullum.