A biya yara masu naƙasa bashin karatun da korona ta ci musu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni malama ce, kurame nake koyarwa, kuma ina roƙon ɗan fili a jaridarka saboda ɗalibaina da ire-irensu.

Tun watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa, kowa ya kama gabansa. Mu dai a ajinmu har yau muna fama da tabonta. Hukumar UNESCO ta ce rufe makarantu a 2020 ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6, amma ai ba asara iri ɗaya aka tafka ba. Da aka koma koyarwa ta rediyo, me kurma zai ji? Aka sa darasi a talabijin ba mai fassara da maganar hannu. Makaho kuwa rubutunsa da yatsa ake karantawa, sai malami ya kama hannunsa ya ɗora a kan ɗigon, wannan ba ya yiwuwa ta waya.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, yawancin yaran kurame iyayensu masu ji ne. A gida da nuni ake lallaɓawa: zo, ci, kwanta. A makaranta yaro yake samun harshe sukutum. Akwai wata yarinya a ajina, kafin kulle takan ba ni labarin faɗan da ta yi da ƙanenta, hannu na tashi, fuska na aiki, har sai na ce ta dakata haka. Da ta dawo, sai ta ɗaga hannu ta tsaya cak tana laluben alamar da ta sani a da. Ga kuma takunkumi ya rufe bakin malama, alhali rabin maganarmu a fuska take. Da gira ake gane tambaya ce ko umarni.

Haka abin yake ga mai galahanga da ya saba da tsari guda kullum, da wanda aka katse wa gashin ƙashi har gaɓoɓinsa suka sandare, da wanda ya girme wa kekensa. Wasu ma ba su dawo ba sam, kuma ba wanda ya bi sawunsu.

Da aka buɗe makarantu sai aka yi ta tura yara aji na gaba bisa shekaru, wai kada a bar kowa a baya. A ganina wannan rufa-rufa ce. Yaron da yake ɗan shekara 6 a 2020 yanzu ya doshi sakandare, tushen da ya rasa kuwa yana nan a rashe.

Ba sadaka nake roƙa musu ba. Sashe na 24 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa ta 2006 ya ce ilimi haƙƙinsu ne, tare da tallafin da kowane yaro yake buƙata shi kaɗai. A Amurka, cikin 2022, ma'aikatar ilimi ta sa hukumar makarantun Los Anjeles ta duba abin da ɗalibai masu naƙasa sama da 66,000 suka rasa, ta rama musu. Ba kowace ƙasa ke da aljihun Amurka ba, na sani, amma gwada yaro a ga inda ya tsaya ba ya cin wani kuɗi.

Don haka a zauna da kowane yaro da iyayensa, a rubuta abin da ya iya da abin da ya kuɓuce masa, a ware masa ƙarin sa'o'i, a biya malamin da zai yi aikin. Kada a sallami kowa don shekarunsa sun haura. A ɗauko rajistar 2019 a bi sunayen waɗanda suka ɓace gida-gida. Iyaye kuma a buɗe musu ajin maganar hannu ko da sau ɗaya ne a mako. Waɗanda na koya wa kaɗan, 'ya'yansu ne suka fi saurin farfaɗowa.

Na gode.

Wata malamar kurame