Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta yaƙi da hawan jini da ciwon suga

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata. Ga rahoton shekarar da ta ƙare kamar yadda ciyaman ya ce in rubuta, don Allah a daure a karanta har ƙarshe.

Mitin na wata-wata an yi, bayanan suna cikin littafi ga mai son dubawa.

Abin da ya fi faranta min rai a bana shi ne gwajin kyauta da muka yi ranar 17 ga Mayu, wato ranar hawan jini ta duniya. Wallahi ban zaci za a cika haka ba, tun kafin mu gama jera kujeru layi ya miƙe, nas-nas ɗinmu kuma Allah ya saka musu da alheri ba su yarda an yi aikin gaggawa ba, kowa sai ya zauna ya huta minti 5, a ɗora hannunsa kan tebur, a auna, in awon ya kai 140/90, wato inda ake cewa jini ya hau, a jira a sake aunawa kafin a ce masa komai. Akwai wani dattijo da ya rako matarsa kawai, ya ce shi garau yake, ɗan ciwon kai ne ke damunsa kuma yana shan magani ya lafa. Da ƙyar aka lallashe shi ya miƙa hannu, nasa ya haura 180/110, aka sake haka dai, a ranar aka tura shi asibiti kuma yanzu yana kan magani. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa kenan, kusan rabin manya masu hawan jini ba su san suna ɗauke da shi ba, mu dai mun gani da idonmu.

Sannan bayanin gishiri da likitarmu ta yi ya shiga mutane sosai. Ƙaramin cokalin shayi ta ɗaga ta ce gishirin da babba zai ci a yini gaba ɗaya kar ya kai giram 5, bai ma cika wannan cokalin ba, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin sinadarin ɗanɗano da abincin gwangwani da na leda. Mata suka yi ta tambaya har lokaci ya ƙure. Masu kawo kujeru da masu rubuta sunaye, mun gode ƙwarai.

To sai inda muka gaza, kuma ina so a fahimce ni da kyau tunda na ji ana ƙananan maganganu. Gwajin suga da muka yi alkawari ranar 14 ga Nuwamba bai yiwu ba. Na'urar muna da ita, amma ba kamar ta hawan jini ba ce da batir kawai take ci, kowane mutum ɗaya sai an buɗe masa sabon tsinken gwaji da sabuwar allura, ba a maimaitawa, kuma ba za mu tara jama'a da azumin safe a bakinsu mu ce musu kaya sun ƙare ba. Kuɗin kuwa daga kuɗin wata za su fito, waɗanda suka biya nasu cikakke ba su kai rabinmu ba. Ni da ma'aji mun kira, mun tura saƙo a gurup, wasu sun ce gobe, wasu sun daina ɗaga wayarmu. Littafin kuɗi a buɗe yake, mai shakka ya zo ya duba da kansa.

Takardar faɗakarwa kan taba da shisha da muka so rabawa ranar 31 ga Mayu ita ma tana nan cikin kwamfuta, an rubuta, likita ta gyara, kuɗin bugawa ne babu. Taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara a duniya, ga matasa suna ɗaukar shisha kamar ba taba ba ce, mu kuma shafi ɗaya ya gagare mu.

Tattakin safiyar Asabar kam ba maganar kuɗi ba ce, shi ya sa ya fi min ciwo. Waɗanda suka fi ɗaga murya a mitin cewa a fara, su ne ba a ga ƙeyarsu ba bayan makonnin farko. Muna gaya wa mutane su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, minti 30 sau biyar kenan, yaya za su saurare mu in mu kanmu mun kasa fitowa sau ɗaya?

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne bibiyar waɗanda muka tura asibiti a watan Mayu. Cikin waɗanda muka samu a waya akwai masu cewa sun ji sauƙi sun ajiye magani, alhali hawan jini ba zazzaɓi ba ne, in aka daina shan magani sai ya sake hawa ba tare da mutum ya ji komai ba, daga nan sai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Da katin wayarmu muke kiran nan, kuma akwai sunaye da yawa da ba mu kai kansu ba.

A mitin mai zuwa ma'aji zai karanto masu bashi, kowa ya zo da nasa. Muna kuma neman waɗanda za su karɓi sauran sunayen nan su ci gaba da kira, mai iyawa ya yi min magana kafin ranar.

Sakatare