Rahoton Kwamitin Gyara Kan Aikin da Aka Kammala a Gidan Rediyonmu Cikin Hunturun Bana

Kwamitin gyara yana gabatar da wannan rahoto ga hukumar gudanarwar tasha, da 'yan sa-kai da ke riƙe da ita dare da rana ba tare da albashi ba, da kuma masu sauraro waɗanda gudummawarsu ce ta sayi kayan aikin. An kafa kwamitin ne tun farkon shigowar sanyi, lokacin da ƙorafi ya yi yawa cewa muryar tashar tana shaƙewa da asuba, kuma mazauna nesa ba sa kama ta sai da ƙyar. Aikin da aka ɗora mana da fari guda ɗaya ne, wato mu binciko yadda za a sayi sabuwar transmita, na'urar da ke tura muryar tashar zuwa eriya, domin kusan kowa ya riga ya yanke hukunci cewa tsohuwar ta gaji. Binciken da muka yi ya nuna cewa lafiyarta ƙalau, kuma laifin yana jikin turken eriya da ginin kansa.

Injiniyan da ke taimaka mana kyauta ya fara ne da raba transmita da eriya, ya haɗa ta da na'urar gwaji mai om 50 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), wadda ke shanye ƙarfin ba tare da ya fita iska ba. A haka transmita ta ba da cikakken ƙarfinta, ba ta yi gardama ba. Da aka mayar da ita kan eriya sai ma'aunin SWR, wanda ke nuna yawan ƙarfin da ke komowa baya maimakon ya fita, ya doshi 3 da sassafe. Domin waɗanda ba su saba da wannan lissafi ba: idan ma'aunin ya nuna 1.5, kashi 4 cikin ɗari ne kawai ke komowa, idan ya kai 2 ya zama kamar kashi 11, idan kuwa ya kai 3 to kwata guda ke nan. Transmitar zamani tana rage ƙarfinta da kanta idan ta ji irin wannan komowa, don kada ta ƙone. Abin da masu sauraro suka ɗauka tsufa ne, ashe na'urar kare kanta take yi.

Da aka hau sama aka buɗe mahaɗar da ke tsakanin kebul da eriya, sai aka tarar tef ɗin da aka naɗe ta da shi tun kafa tashar ya bushe ya tsattsage, ruwan sama ya daɗe yana bi ta nan, har saƙar tagullar da ke cikin kebul ɗin ta yi baƙi. Dalilin da ya sa matsalar ta fi tsananta da asuba shi ne, da rana iska mai ɗumi tana riƙe danshi a cikin mahaɗar, idan dare ya yi sanyi ya sauka sai danshin ya zama raɓa a daidai wurin da bai kamata ruwa ya taɓa ba, ƙarfen kuma ya ɗan tsuke, haɗin ya yi sako-sako. Hantsi na ɗagawa sai abin ya lafa, shi ya sa duk wanda ya zo dubawa da rana yake komawa da cewa bai ga komai ba. Mun fara gwada yanke wurin da ya lalace, amma muka ga baƙin ya yi nisa a ciki, kuma kebul da ya sha ruwa ba ya sake bushewa. Saboda haka aka sauya shi gaba ɗaya, aka naɗe sabuwar mahaɗa da tef ɗin roba mai manne wa kansa, aka rufe shi da wani tef mai jure rana, sannan aka lanƙwasa kebul ɗin ƙasa kafin ya shiga bango, yadda ruwan da ya biyo shi zai ɗiga a waje.

Hawan da aka yi ne ya tona wata matsalar da ta fi ta farko haɗari. Wayoyin ƙarfe da ke ɗaure da turken ta kusurwa uku ba su da ɗauri iri ɗaya, kuma kankaren da ke riƙe da ɗaya daga cikinsu ya tsage har ƙasa. Ƙarfe yana tsukewa da sanyi: waya mai tsawon mita 30 tana raguwa da kimanin milimita 7 idan zafi ya sauka da digiri 20 a ma'aunin Selshiyas. Wannan ɗan ragi ba wani abu ba ne ga tushe mai lafiya, amma ga wanda ya riga ya tsage, ga kuma iskar hunturu tana jijjiga turken dare da rana, abin jira ne kawai. An ɗaure turken da waya ta wucin gadi, aka haƙe tsohon tushen, aka zuba sabo da rodi a ciki. A nan kwamitin ya sha suka, domin mun ƙi mayar da waya kan sabon tushen sai bayan kwana 28, wanda shi ne wa'adin da magina ke auna ƙarfin kankare da shi, kuma sanyi yana ƙara jinkirta kamawar siminti. Mun rufe shi da buhuna, muna yayyafa masa ruwa da rana. Har yau muna ganin jiran ya dace.

An kawo shawarar a ƙara wa turken tsawo tun da ga masu aiki a wurin. Shawarar tana da hujja, domin a zangon FM, wanda ya kama daga megahaz 87.5 zuwa 108, tsawon eriya ya fi ƙarin wat tasiri wajen kai murya nesa. Duk da haka mun ƙi, saboda lasisin tashar ya ƙayyade tsawon eriya da ƙarfin da za a fitar, kuma ba huruminmu ba ne mu sauya su. Dokokin hawa kuwa ba mu sassauta su ga kowa ba: ba a hawa cikin iska, ba a hawa ba ɗamarar kariya, ba a hawa transmita na kunne. Wannan ne ya sa tashar ta riƙa yin shiru na wasu sa'o'i da tsakar rana, bayan an sanar da masu sauraro tun da safe.

Gyaran sitidiyo bai kasance cikin shirinmu ba sai da wani dare mai gabatar da shirin asuba, sanyi ya ishe shi, ya jona hita mai wat 2,000 a layin da ke ciyar da na'urori. Hita ɗaya irin wannan ta fi duk kayan sitidiyon cin wuta, don haka inbata, na'urar da ke juya wutar batura zuwa wadda kayan aiki ke amfani da ita, ta katse, tashar ta ɗauke ana tsakiyar shiri. Kwamitin bai ga laifinsa ba, domin da muka duba ɗakin mun tarar da kwano biyu sun ɗaga, silin ya rabu da bango, ƙasan ƙofa kuma hannu yana iya shiga. Tun kafin wannan dare 'yan sa-kai sun fara gudun shirin asuba, har akan rasa mai buɗe tasha. An sauya kwanon da ya ɓule, aka shimfiɗa abin tare sanyi a saman silin, aka sa ƙofa mai nauyi da roba a gefunanta, tagar da ke tsakanin sitidiyo da ɗakin injiniya kuma aka yi mata gilashi biyu masu kauri daban-daban da fili a tsakani. Yana da kyau a gyara wata fahimta a nan, domin mutane da yawa sun kawo mana soso suna cewa a manna a bango don hana ƙarar waje. Soso yana rage amsa-kuwwa ne a cikin ɗaki, amma ƙarar babur ko ta iska ba abin da ke tare ta sai nauyin bango da toshe kowace kafa. Sa'ar da aka yi ita ce kafar da sauti ke bi ita ce sanyi ke bi, sai aiki ɗaya ya magance biyun. An kuma ja wa hita layinta daban.

Batura ma an ɗauke su daga rumfar waje zuwa ɗaki mai iska. Ana auna ƙarfin batirin dalma ne a wajen digiri 20 zuwa 25, kuma yana raguwa yayin da sanyi ke ƙaruwa, ga shi dare ya fi tsawo a wannan lokaci, faifan sola ba ya samun sa'o'in rana kamar da. Janareta kuwa akasin haka aka yi masa: mun tarar ana tayar da shi a baranda kusa da tagar sitidiyo don kada a fita cikin sanyi, alhali hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksayid wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. An gina masa ɗaki nesa da ginin.

Duk tsawon aikin shirye-shirye ba su tsaya ba. An mayar da ɗakin ajiya sitidiyon wucin gadi, aka rataya barguna a bango, daga nan aka ci gaba da karanta hasashen yanayi, da gargaɗi kan gobara da kwana da wuta a rufaffen ɗaki, da gangamin tara barguna da rigunan sanyi ga marasa hali, wanda harabar tashar ta zama matattararsa. Bayan kammala gyaran an samu kiran waya da daddare daga wurare masu nisan da ba mu taɓa kaiwa ba, har wasu suka fara yi wa kwamitin kirari. Gaskiyar magana ita ce ba duka ne aikinmu ba. A daren sanyi mai tsit iska mai ɗumi takan kwanta a saman mai sanyi, sai ta lanƙwaso zangon FM ya zarce iyakarsa, kuma yanayi na sauyawa waɗannan masu sauraro za su daina jin mu. Ma'aunin da muka dogara da shi shi ne SWR, wanda yanzu yake ƙasa da 1.5 da asuba da kuma tsakar rana, tare da shaidar mazauna nesa da suka fara kawo ƙorafin.

Kuɗin da aka tara kayan aiki kawai ya saya, domin kafinta da birkila da mai walda da mai haɗa wuta duk kyauta suka yi aiki. Rasit na kowane abu yana hannun ma'aji, kuma duk mai son dubawa yana da iko. Mun yi kuskure guda da ya kamata a rubuta: mun yi odar mahaɗa ba tare da auna kaurin sabon kebul ba, ta zo ba ta shiga ba, aka yi asarar kwanaki ana jiran wata. Haka nan mun sha wahala saboda babu wani littafi da ke nuna ranar da aka taɓa duba turken ko aka sauya wani abu, sai abin da tsofaffin 'yan sa-kai suka tuna. Yanzu an ajiye littafi a ɗakin injiniya, mai buɗe tasha zai rubuta abin da ma'auni ya nuna kowace safiya.

Abubuwa biyu sun rage. Fentin turken bai samu ba, domin fenti ba ya kama ƙarfe mai sanyi da raɓa, sai yanayi ya yi ɗumi. Wayar da ke sauke tsawa zuwa ƙasa kuma an tsaftace mahaɗarta, amma ba a auna ta da na'urar da ta dace ba, kuma muna ba da shawarar a yi hakan kafin lokacin hadari. Kwamitin zai miƙa makullai da littafin da ragowar kebul ga hukumar gudanarwa ranar 13 ga Fabrairu, wato Ranar Rediyo ta Duniya da hukumar UNESCO ta ayyana a 2011, kuma a ranar za a buɗe sitidiyon ga masu sauraro su shigo su ga aikin da idonsu.