A Riƙa Jin Ta Bakin Yara Kan Kyaututtukan Littattafansu

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan ce-ce-ku-cen da ke biyo bayan kyaututtukan littattafan yara da matasa.

A 2014 lambar Carnegie ta Birtaniya ta tafi ga wani labari na matashin da aka sace aka kulle a ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙarshensa ba daɗi. Wasu suka yi ta kumfar baki cewa ya yi wa yara nauyi. Ni ban yarda ba. Ɗan shekara 15 ya san tsoro da rashi, kuma yana gane marubucin da ke raina masa hankali.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, manya ke zaɓe, manya ke gardama. Lambar Newbery ta Amurka, tun 1922, ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ke bayar da ita. Ta Hans Christian Andersen kuwa, wadda ake bayarwa duk shekara biyu tun 1956, alƙalanta manya ne. To ina yarinyar da ke ɓoye littafi a ƙarƙashin teburin aji, bangonsa har ya yage don yawan aro tsakanin ƙawaye? Wa ya tambaye ta?

Masu Carnegie, a yaba musu, sun buɗe ƙofa: ɗalibai na karanta littattafan da suka kai zagayen ƙarshe su fitar da nasu gwanin. Ina kira ga sauran masu shirya irin waɗannan gasa su yi koyi, kuma a sanar da zaɓin yaran rana ɗaya da na alƙalai.

Naku,
Wata malamar makaranta