Godiya ga ofishin da ya kai ni gaban kunkurun teku

Zuwa ga Alhaji mai ofishin shirya tafiye-tafiye da ke titin Ahmadu Bello a Sakkwato, da dukkan ma'aikatansa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin wadda na yi muku baki da baki ranar da muka dawo ba ta ishe ni ba. Yaba kyauta tukuici.

Ni malamin Bayoloji ne a makarantar sakandare, shekara 26 ke nan ina riƙe da alli. Kowace shekara sai na zana wa ɗalibai kunkurun teku a allo, in gaya musu iri bakwai ne a duniya, da huhu yake numfashi kamar mu, kuma macen takan koma gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta don ta yi ƙwai. Duk wannan daga littafi nake faɗinsa. Ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne madatsar Goronyo, sai gulbin Rima in ya cika da damina, inda na koyi iyo tun ina yaro, muna kama kififiya a bakin gaɓa. Abin ya daɗe yana cina a rai.

Da na kwashi adashena, na shiga ofis biyu kafin naku. Ɗaya ya ce shi Umra da Dubai kawai ya sani, ɗayan bai ma bari na gama bayani ba. Ku kuwa kun ba ni kujera, kun saurare ni har ƙarshe. Ban manta abin da ka ce ba, Alhaji: "Malam, ba mu taɓa shirya irin wagga tahiya ba, amma ba mu kwana ukku mu bincika." Ranar ta uku da hantsi wayata ta yi ƙara.

Kun zaɓa mini Marsa Alam a ƙasar Masar, a gaɓar Bahar Maliya, kuka kuma gaya mini dalili. Akwai jirgi daga Kano zuwa Alƙahira, sannan a mashigin ruwan Abu Dabbab, kimanin kilomita 30 arewa da garin, kunkuru na zuwa kiwo dab da gaɓa, mutum zai taka daga rairayi ya isa wurinsu ba sai da jirgin ruwa ba. Biza da masauki kun gama su ba tare da wahalar da ni ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a zuciya ƙananan abubuwa ne da ban san ma zan tambaya ba. Kun turo mini takardar tambayoyin lafiya daga masu koyar da nutso, da kuka ga ina da hawan jini kuka ce ba za ku biya kuɗin nutson ba sai likitana ya sa hannu. 'Yata, wadda ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta ce za ta raka ni, Hajiyar ofishinku ta yi ta buga waya har ta samo mata mace mai koyarwa da kayan iyo masu rufe jiki duka. Sannan kuka ɗaga ranar dawowarmu da kwana ɗaya, domin wanda ya yi nutso da tukunyar iska ba ya hawa jirgin sama nan take. Iskar naitirojin da jiki ya sha a ƙasan ruwa tana bukatar lokaci ta fita, ana so a jira aƙalla awa 12, ko 18 in an yi nutso fiye da sau ɗaya. Wanda ribarsa kawai yake dubawa ba zai tsaya kan wannan ba.

A Alƙahira jirginmu ya makara, muka rasa na gaba. Ƙarfe biyun dare yaron da ke kan kwamfutarku ya ɗauki kirana a WhatsApp, bai kwanta ba sai da ya sama mana kujera a jirgin safe. Don Allah, Alhaji, a gaya masa na ambace shi.

Safiyar farko aka ba ni gilashin da ke rufe ido da hanci, da bututun da ake kamawa da baki a yi numfashi fuska na cikin ruwa, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Gishirin ruwan ya ba ni mamaki, kusan giram 40 a kowace lita, ya fi na yawancin tekuna, shi ya sa yake ɗaga mutum sama ba kamar ruwan Rima ba. Muka yi iyo kaɗan a kan wani fili mai gajeriyar ciyawa, sai jagoranmu ya nuna ƙasa da yatsa.

Ga shi nan kwance kan rairayi yana tsinkar ciyawa a natse kamar tunkiya a fadama. Ƙoƙon bayansa ya kusa mita ɗaya, faɗinsa kamar garkuwar mayaƙan da, da wasu dogayen kifaye biyu manne a jikinsa. Koren kunkuru ake ce masa, saboda launin kitsensa, amma bayan nasa ruwan ƙasa ne da zane-zane kamar an yi masa ƙunshi. Ba ya iya mayar da kansa cikin ƙoƙo kamar kunkurunmu na tudu. Can sai ya daina ci, ya ɗaga hannuwansa na gaba masu kama da fukafukai, ya taso. Jagora ya ja ni gefe, domin doka ce ba a taɓa shi, ba a kuma tare masa hanyar sama. Ya wuce ni kusa har na ga idonsa, ya fitar da kai, ya ja numfashi da ƙarfi, na ji sautin da kunnena. Abin da na shekara 26 ina faɗa wa yara ke nan. Na yi tasbihi bututu na bakina, hawaye suka taru mini a cikin gilashin.

Rana ta biyu muka sauka da tukunyar iska zuwa mita shida. An koya mana toshe hanci mu hura a hankali don kunne ya buɗe, da cewa ba a riƙe numfashi ko kaɗan lokacin tasowa, da maganar hannu: ɗaga babban yatsa a can yana nufin mu hau sama. Na ga murjani a gidansa, dangin wanda iyayenmu mata ke sawa a wuya, wanda mutane ke ɗauka dutse ne alhali ƙananan dabbobi ne ke gina shi. Na ji ƙarar wani kifi mai baki irin na aku yana gurgurarsa. 'Yata ta hango wani kunkurun daban, ƙarami, mai lanƙwasasshen baki kamar na shaho.

Akwai wata dabba da ake zuwa Abu Dabbab dominta, ɗan'uwan ayun da ke kogin Kwara da Binuwai, sai dai wutsiyarsa a rabe take gida biyu. Tun a ofis kun gaya mini gaskiya cewa ganinsa sa'a ce, ba ku yi mini alkawari ba. Ba mu gan shi ba, sai sawun kiwonsa, dogayen layuka a cikin ciyawa kamar an bi da garma. Ban ji zafin haka ba, tunda ba a ruɗe ni ba.

Da aka koma makaranta na nuna wa 'yan aji biyar bidiyon. Na gaya musu macen na binne ƙwai kimanin 100 a rairayi, su ƙyanƙyashe bayan kusan wata biyu, kuma zafin rairayin ke sa su zama maza ko mata: in ya haura digiri 29 mata sun fi yawa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe da a Sakkwato anka binne su, duk mata za su zan." Wani ya tambayi ko ledar da muke zubarwa a kwata tana kai musu. Na ɗauki alli muka bi hanyar tare, daga Rima zuwa Kwara, daga Kwara zuwa tekun Atalantika, inda kunkuru ke haɗiye leda yana zaton abinci ce. Ban taɓa ganin ajin nan ya yi tsit irin na ranar ba.

Na sa an wanke hoton kunkurun an saka shi a firam, ranar Asabar bayan La'asar zan kawo muku shi ofis in Allah ya yarda. Malamai uku a makarantarmu sun riga sun karɓi kwatancen wurinku.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a kasuwa, ya jiƙan mahaifa.

Naku,
Malamin Bayoloji,
Mabera, Sakkwato.