A Binciki Ciwon Jitar Bes Kafin A Saya Mata Magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu kaɗa jitar bes (jitar nan mai kaurin murya) don sha'awa, wato waɗanda ba da kiɗa suke cin abinci ba, sai dai idan sun taso daga aiki ko makaranta su ɗauki jitarsu su yi awa ɗaya ko biyu suna kaɗawa don ransu ya yi sanyi. Na daɗe a wannan sahu, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin sababbin shiga suna gaggawar kwance jitarsu su cusa mata sababbin kayayyaki tun kafin su san abin da ke damun ta, ko ma su tabbatar cewa akwai abin da ke damun ta. A ganina, mafi yawan laifin da muke ɗora wa jita laifin saiti ne (wato yadda aka daidaita sassanta) da tsirkiya da lasifika, kuma sauya kaya ya kamata ya zo daga ƙarshe, bayan kunne ya nuna wa mutum inda matsalar take.

Ba laifin matasan ba ne gaba ɗaya, domin ita kanta jitar an ƙera ta ne ta yadda kwance ta ba ya da wuya. Lokacin da maƙerin jita Leo Fender ya fitar da jitar Precision Bass a Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1951, ya haɗa wuyanta da gangar jikinta da sukurori huɗu, ya sa mata tsirkiya huɗu masu tsawon inci 34 daga inda suke hawa a sama zuwa inda suke sauka a ƙasa, ya kuma shirya komai yadda za a iya cire wani sashe a maye shi da wani ba tare da an lalata saura ba. A 1957 aka sauya mata na'urar ɗaukar sauti, wadda makaɗa ke kira fikof, aka raba ta gida biyu, sannan a 1960 Jazz Bass ta fito da fikof biyu da siririn wuya. Har yau yawancin jitocin da mai sha'awa zai fara saya a kan ɗayan waɗannan tsare-tsare biyu aka gina su, shi ya sa kayan da za su dace da su suka cika kasuwa, kuma duk mai sukudireba yana jin zai iya.

Ni ma na taɓa jin haka. Jitata ta farko tana da wani gurnani mai ci gaba da fita daga lasifika ko da ban taɓa tsirkiya ba, sai na yanke hukunci cewa fikof ɗinta ne ba shi da kyau saboda jitar mai araha ce. Na tara kuɗi na sayi sabo, na kwana biyu ina fama da ƙarfen liƙa waya da dalma, na haɗa komai na kunna, gurnanin yana nan yadda yake. Daga baya ne wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa ya ce in ɗora tafin hannuna a kan tsirkiyoyin in saurara. Na ɗora, babu abin da ya ragu. Ya ce in taɓa ƙarfen ramin da ake soka waya, na taɓa, sai gurnanin ya lafa. Ya kwance jakin jitar, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kai a gindinta, ya nuna mini wata siririyar waya da ya kamata ta riƙa taɓa ƙarfen daga ƙasa, amma ta nutse cikin fenti har ta daina taɓa shi. Ya ja ta waje kaɗan, ya kankare bakinta, ya mayar da jakin, cikin minti goma aka gama aikin da na kashe kuɗin wata guda a kansa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma shi ne mafarin ra'ayin da nake bayyanawa a nan.

Yana da kyau mai jita ya fahimci cewa fikof ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, wanda ke mai da kaɗawar tsirkiyar ƙarfe zuwa ɗan ƙaramin lantarki. Fikof mai curin waya guda ɗaya a ɗabi'arsa yana kwaso ƙarar wutar gida, wadda ke juyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da mutum yake. Saboda haka ne jita mai tsarin Jazz Bass ke yin gurnani idan aka buɗe fikof ɗaya kaɗai, amma idan aka buɗe duka biyun daidai wa daida sai su kashe wa juna ƙarar. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka jitarsa ta lalace, alhali kuwa haka aka yi ta. Sauran ƙarar kuma sau da yawa ana maganinta ne da lulluɓe cikin ramin wayoyi da takardar jan ƙarfe mai liƙewa a haɗa ta da wayar ƙasa, wato irin wayar nan da ke taɓa jaki.

Abu na farko da nake roƙon kowa ya koya shi ne saiti, domin babu gyaran da ya kai shi amfani kuma ba ya cin komai sai haƙuri. A cikin wuyan jita akwai wani sandan ƙarfe da ke yaƙi da jan da tsirkiyoyi ke yi wa katako, kuma katako yana motsi idan iska ta bushe ko ta yi laima. A danne tsirkiya mafi kauri a kan firet na farko, wato gindin ƙarfen farko da ke kwance a wuyan, a kuma danne ta a kan na ƙarshe, sannan a duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas. Abin da ake nema bai wuce kaurin ɗan katin takarda ba, kusan kashi uku cikin goma na milimita. Idan tazarar ta yi yawa sai a ɗaure sandan, idan babu ita sam sai a sassauta, amma kada a taɓa juya shi fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda, kuma idan ya ƙi juyawa kada a matsa masa, gara a kai wa wanda ya iya. Bayan haka a daidaita tsayin tsirkiyoyi a kan jaki, sannan a gwada kowace tsirkiya a firet na 12 da na'urar saita murya: idan muryar ta haura yadda ya kamata sai a ja mazaunin tsirkiyar baya don ta ƙara tsawo, idan ta gaza sai a matso da shi gaba. Na sha ganin jitar da mai ita ya fitar da rai da ita, yana cewa tana yanka masa yatsu kuma muryarta ba ta tsayawa, aka yi mata wannan aiki ya rungume ta kamar ranar da ya saye ta.

Bayan saiti sai tsirkiya, wadda a ganina ita ce ke sauya muryar bes fiye da kowane abu da za a iya saya da kuɗi kaɗan. Akwai mai santsi wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗen ƙarfe, muryarta mai kauri ce mai taushi kuma tana daɗewa. Akwai kuma mai kaushi wadda aka naɗe da zagayayyar waya, muryarta tana fita tar da ƙarfi amma tana dusashewa idan gumi da datti suka shiga tsakanin naɗin. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Detroit, Precision Bass ta 1962 yake riƙewa da tsirkiya mai santsi, kuma an san shi da barin tsirkiyarsa ta tsufa a jikin jita ba tare da ya sauya ba. A ɗaya ɓangaren, John Entwistle na ƙungiyar The Who ya yi aiki da kamfanin Rotosound na Ingila a 1966 wajen inganta tsirkiya mai kaushi saboda yana son murya mai haske. Mutanen nan biyu sun sami muryoyi masu nisa da juna kamar gabas da yamma, kuma babban ɓangaren bambancin daga tsirkiya da yatsu ya fito. Sai dai a tuna cewa idan aka sauya kauri ko irin tsirkiya, jan da take yi wa wuya ya sauya, don haka dole a koma kan saiti.

Inda masu sha'awa suka fi yin sakaci shi ne amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da lasifika. Tsirkiyar E, wadda ta fi kauri a jita mai huɗu, tana kaɗawa kusan sau 41 ne a daƙiƙa, ta B kuwa a jita mai biyar kusan sau 31, kuma ƙaramar lasifika a cikin ƙaramin akwati ba ta da ƙarfin tura iskar da irin wannan murya ke bukata. Mutum zai yi ta sauya fikof yana neman kaurin murya, alhali akwatin da ke gabansa ne ya kasa fitar da abin da jitar ta riga ta ba shi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ɗauki jitar a soka ta a amfilifaya mai kyau ta wani aboki, ko a saurare ta da abin sauraro na kunne mai inganci, kafin a yanke mata hukunci. Kada kuma lambobin wat, wato ma'aunin ƙarfin amfilifaya, su ruɗi mai saye, domin ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, abin da kunne ke ji a matsayin ƙari kaɗan. Amfilifayar Ampeg SVT da ta fito a 1969 da wat 300 an yi ta ne don manyan filayen wasa, wanda ke kaɗawa a ɗaki ba ya bukatar ko kusa da haka. Idan kan amfilifaya da akwatin lasifika a rabe suke, a duba cewa om ɗin akwatin, wato ma'aunin turjiyarsa ga lantarki, 4 ne ko 8, bai gaza abin da aka rubuta a bayan amfilifayar ba.

Game da zaɓen jitar kanta, shawarata ita ce a rataya ta a kafaɗa a tsaya da ita na ɗan lokaci kafin a saya. Bes tana kai kilo huɗu ko fiye, wata kuma kanta yana rinjayar gangar jikinta har hannun hagu ya koma aikin tallafe ta maimakon kaɗawa. Mai gajerun yatsu kada ya ji kunyar ɗaukar mai tsawon inci 30 irin Fender Mustang ta 1966, domin kiɗa na gaske ake yi da ita. Jita mai batir a ciki, irin tsarin da Music Man StingRay ta shahara da shi tun 1976, tana ba da damar ƙara ko rage sassan murya daga jikinta, amma mai ita ya saba da zare waya idan ya gama, in ba haka ba batirin zai ƙare yana zaune. Tsirkiya ta biyar kuwa kada a saye ta sai idan waƙoƙin da mutum ke kaɗawa suna neman ta, domin ƙarin aiki ce wajen hana ta gunaguni yayin da ake kaɗa saura.

Ba ina cewa kada a taɓa sauya komai ba. Ni kaina ina jin daɗin zama da kayan aiki a gabana, kuma na yarda cewa ga wasunmu kwancewa da haɗawa rabin sha'awar ce. Maɓallan ɗaure tsirkiya da ke zamewa sun cancanci sauyi, haka ma maɓallin ƙara murya da ke ƙarar yashi idan an juya shi bayan an tsabtace shi bai daina ba, haka ma fikof idan mutum zai iya faɗa da bakinsa abin da yake nema wanda tsohon ya kasa ba shi. Abin da nake nacewa a kai shi ne a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a ɗauki sautin jitar kafin aiki da bayansa da tsirkiya ɗaya da saiti ɗaya, domin wanda ya kashe kuɗinsa yana son ya ji bambanci ko da babu shi, kuma ɗaukar sauti ce kaɗai ke faɗa masa gaskiya. A kuma adana tsofaffin kayan a cikin leda tare da sukurorinsu, saboda ranar da za a sayar da jitar ba kasafai mai saye ke biyan kuɗin kayan da aka ƙara ba.

Aikin da ba ya komawa baya shi ne ke bukatar dogon tunani. Ana yawan kafa hujja da makaɗin bes Jaco Pastorius, wanda ya cire firet ɗin Jazz Bass ɗinsa ta 1962 ya shafe allon wuyan da wani ƙaƙƙarfan danƙo, amma shi ya san muryar da yake nema kuma yana da kunnen da zai kama kowace murya daidai ba tare da firet ba. Wanda ke sha'awar wannan salo ya sayi wuya na daban mara firet ya ɗaura, ya ajiye na asali, tun da sukurori huɗu ne kawai ke riƙe da shi. Huda sabon rami a katako domin ƙarin fikof ko akwatin batir shi ma haka yake, idan an huda an huda ke nan. Amfilifaya mai kwalaben lantarki kuwa ina roƙon kada wanda bai koyi aikin ba ya buɗe ta ko kaɗan, domin akwai sassan da ke riƙe wuta mai ƙarfin kisa ko bayan an zare ta daga bango.

Jitar nan da na ba da labarinta tana hannuna har yau. Na mayar mata da fikof ɗinta na asali, na sa mata tsirkiya mai santsi, ina duba wuyanta sau biyu a shekara idan yanayi ya juya, kuma ita nake fara miƙa wa duk wanda ya zo mini da maganar sauya kayan tasa domin ya kaɗa ya ji. Ina fata, Malam Edita, za ka riƙa ware ɗan fili lokaci zuwa lokaci ga masu gyaran kayan kiɗa su yi bayanin saiti dalla-dalla, domin sun fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba.

Na gode.

Naka,
Mai karatu, makaɗin bes don sha'awa