Gyaran Jitar Lantarki Sana'ar Hannu Ce Da Kano Za Ta Iya Riƙewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sana'ar hannu da ban taɓa ganin an tattauna ta a shafukanku ba, wato gyaran jitar lantarki da sake mata fenti a gida. Na san wasu masu karatu za su ce ina ruwan Kano da jita, amma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakunan ɗaukar sauti na cikin gari, ko ya bi ta shagunan kayan sauti na Sabon Gari, ya san akwai jitoci da yawa a garin nan, kuma galibinsu na gwanjo ne da suka sha hannu kafin su iso gare mu. Abin da ke damuna shi ne, da zarar ɗaya ta fara ƙugi ko fentinta ya ɓare, sai a jingine ta bayan ƙofa ƙura ta rufe ta, a ce ba mai gyara sai an je Legas, alhali ilimin da aikin yake bukata yana nan a hannun kafintoci da masu gyaran rediyo da masu fentin mota, ba a dai samu wanda ya haɗa shi wuri ɗaya ba.

Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne, kuma ban iya kaɗa jita ba. Shekara biyu da suka wuce ɗan yayata ya kawo mini wata da ya saya da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, wanda ya sayar masa ya rantse lafiyarta ƙalau, amma da aka jona ta da amfilifaya sai ƙugi kamar na taransifoma, biyu daga cikin maɓallanta ba sa aiki, jikinta kuma duk tabo. Yaron ya ce mini, "Kawu, ko dai in yar da ita?" Na ce ya bar mini ita tukuna. Kusan shekara guda na yi a kanta, ina taɓawa bayan na rufe shago, kuma abin da na koya a wannan lokaci shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da ya fara ba ni ƙarfin gwiwa shi ne tarihin kayan kansa. Leo Fender, mutumin da ya fitar da samfurin Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, mai shagon gyaran rediyo ne, shi ma kuma ba makaɗin jita ba ne. Saboda ya saba da kayan da ake kwancewa a gyara, sai ya tsara jitarsa yadda wuyanta ke haɗe da gangar jiki da noti huɗu kawai, kayan lantarkin Stratocaster kuma suna ɗaure a kan faranti ɗaya da ake ɗagawa gaba ɗaya. Yawancin jitoci masu araha da ke shigowa kasuwanninmu kwaikwayon wannan tsari ne, don haka mai sukundireba da haƙuri zai iya raba su gunduwa-gunduwa cikin sa'a guda. Samfurin Les Paul na kamfanin Gibson, wanda ya fito a 1952, shi wuyansa da gam aka liƙa shi, kuma ba na ba ɗan koyo shawarar ya fara da irinsa.

Ɓangaren lantarki ya fi kowanne sauƙi ga wanda ya taɓa riƙe ƙarfen liƙi da dalma. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai abin ɗaukar sauti, wanda makaɗa ke kira fikof, kuma ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye kusan dubu takwas a irin na Fender. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki, shi ne amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi har ya zama sauti. Matsalar ita ce wannan naɗi yana kwaso hayaniyar wutar gida, wadda a Najeriya take kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙugin da yaro ya ji ke nan. Hanya biyu na bi. Na farko, na shimfiɗe ramukan da ke cikin katakon da takardar alminiyam, na tabbatar kowane gefe ya taɓa ɗan'uwansa, na haɗa ta da wayar ƙasa ta jitar, nan take hayaniyar ta ragu ƙwarai. Na biyu, na cire fikof na kusa da gindin tsirkiyoyi na sa mai naɗi biyu, irin wanda Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson a tsakiyar shekarun 1950, wanda naɗinsa biyu ke fuskantar juna ta yadda ƙugin ɗaya ke kashe na ɗaya. Wanda zai yi wannan sauyi ya lura da maɓallin ƙara sauti, domin a al'ada mai naɗi ɗaya yana tafiya da maɓalli mai lamba 250k a jikinsa, mai naɗi biyu kuma da mai lamba 500k, idan aka sa masa ƙarami sai sautin ya dushe kamar an toshe shi da tsumma. Kafin a warware ko waya ɗaya, a ɗauki hoton yadda suke da wayar hannu, saboda bayan kwana uku ba wanda zai tuna wacce ta fito daga ina.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi, domin maganar rai ce. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da wayar ƙasa ta amfilifaya, don haka idan amfilifayar tana da matsala, ko an jona ta a soket marar wayar ƙasa kamar yadda yake a gidaje da yawa, ko a janareton da aka yi wa wayarin na ganganci, wuta na iya bi ta hannun makaɗi, musamman idan leɓensa ya taɓa makirufo. Amfilifayar da aka ƙera don Amurka kuma wutar 120 take sha, tamu 230 ce, sai da na'urar rage wuta. Tsofaffin amfilifayoyi masu kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo suna riƙe wuta mai kisa a cikinsu ko bayan an cire su daga soket. Jita kanta yaro zai iya buɗewa ba fargaba, amma amfilifaya a kai wa wanda ya san aikin.

Fenti ne ya wahalar da ni, kuma a kansa na fi son masu karatu su saurare ni. Fentin jita da na mota 'yan gida ɗaya ne, har ma Fender da fentin motoci na kamfanin DuPont ya riƙa yin launukansa na musamman a shekarun 1950 da 1960. Na da ɗin siriri ne mai narkewa da tina, amma na jitocin zamani masu araha kauri ne da shi kamar roba, samfefa kaɗai ba ta cin sa sai mutum ya gaji, sai an ɗumama shi da na'urar hura iska mai zafi ana kankarewa a hankali kada katako ya ƙone. Daga baya na gane cewa idan tsohon fentin bai tsage ba, ba dole ne a cire shi duka ba, ya isa a cike ramuka da fila irin ta masu gyaran jikin mota, a goge da samfefa mai lamba 320 har ƙyallin ya mutu, sannan a fesa fentin share fage. Wuri ɗaya ne ba a taɓawa ko kaɗan, shi ne ramin da wuya yake zama, a rufe shi da salatif, domin ɗan abin da aka rage ko aka ƙara a wurin yana karkatar da wuyan gaba ɗaya.

Kuskurena na farko shi ne na yi feshi a tsakar gida cikin watan Janairu. Hunturu ya busa, ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti, da safe na tarar da jikin jitar da kaushi kamar bangon da aka yi wa yaɓe. Na goge na jira. Karo na biyu na yi shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, sai laimar iska ta shige ƙarƙashin fentin ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara. Wani dattijo mai fentin mota da na kai wa kuka a wajen Kofar Ruwa, inda nake sayen kayan aiki, shi ya nuna mini cewa a cikin ɗaki ake yi, a share, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a rataye gangar jikin da waya, a fesa siriri-siriri daga nisan kamar taƙi ɗaya, a bar kowane shafi ya sha iska kafin a ƙara wani. Na samu yadda nake so a ƙarshen Oktoba, lokacin da damina ta janye, hunturu kuma bai kankama ba. Launin da muka zaɓa shuɗi ne mai duhu irin na rinin karofin Kofar Mata, na bi shi da farin ruwa mai ƙyalli shafi da yawa, sannan na rataye shi mako huɗu ban taɓa ba. Wannan jira shi ne abin da matasa ba sa iyawa, ga shi kuwa fentin da ya bushe a sama bai ƙeƙashe a ciki ba, idan aka ɗaure masa noti sai ya lotsa. Bayan nan ne na goge da samfefar ruwa daga lamba 800 zuwa 2000, na bi da man goge mota har fuskata ta fito a jiki. Duk wannan aiki da takunkumi mai matatar sinadari ake yin sa da taga a buɗe, ba da ƙyallen rufe hanci ba, domin tururin fentin mota, musamman wanda ake gauraya ruwa biyu kafin a fesa, yana lalata huhu, kuma yana kama wuta idan akwai risho ko murhu a kusa.

Saitin wuya shi ne na ƙarshe. Tsirkiyoyi shida suna jan wuyan da nauyin da ya haura kilo 40, shi ya sa aka sa sandar ƙarfe a cikinsa da ake juyawa da alanki don miƙe shi, kuma ba a wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, a bari katako ya zauna kafin a ƙara. A Kano wannan saiti ba na sau ɗaya ba ne, saboda katako na tsukewa da rani yana kumbura da damina, har bakin ƙarafan da ke jere a wuya ya fito yana yankar yatsa lokacin hunturu, sai an bi shi da ƙaramin magagari. A irin ta Fender tsawon tsirkiya inci 25.5 ne, ƙarfe na 12 kuma shi ne tsakiya, don haka idan sautin da ke wurin bai yi daidai da na sakakkiyar tsirkiya ba, sai a matsar da mazauninta gaba ko baya. Wannan ɓangare kunnen yaron ne ya yi, ni nawa juya noti.

Akwai abin da ya ƙara mini sha'awa da na karanta game da katakon da ake jita da shi. Katakon mahogani na Afirka da kamfanoni ke amfani da shi ɗan'uwan maɗacin da ke bakin titunanmu ne, kanya kuma dangin baƙin katakon da ake shimfiɗawa a fuskar wuya ce, sannan afara da kafintocinmu suka sani ita ce Gibson ya yi samfurin Flying V da ita a 1958. Daga yankinmu na Afirka ta Yamma ake kwasar katakon, a ƙera kaya a waje, a dawo mana da su bayan sun tsufa. Ban ce gobe za mu fara ƙera jita a 'Yan Katako ba, amma kafintan da ya iya ƙofa mai ado ba zai kasa yanka gangar jita ba idan ya samu ma'auni da busasshen katako. Sai dai duk wanda ya ci karo da tsohuwar Fender ko Gibson ta asali, ya duba lambarta ya yi tambaya kafin ya sa mata samfefa, domin sabon fenti yana karya darajar irin waɗannan ƙwarai a wurin masu saye.

Makaɗanmu na gargajiya ba su taɓa jiran wani ya yi musu kayan kiɗa ba. Mai garaya da mai gurmi da mai goge su ke neman ƙwarya ko itace da fata su haɗa abinsu, kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya shahara da shi kuwa da gwangwanin kifi da fatar akuya ake yin sa. A Nijar ma, Mdou Moctar, wanda yau yake zagaya duniya da jitar lantarki, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi game da kiɗa, aikin da na bayyana aikin katako ne da fenti da lantarki, kuma yaron da ya iya shi ya iya gyaran lasifikar masallaci da makirufon makaranta da fentin kujera.

Saboda haka ina kira ga cibiyoyin koyar da sana'o'i na jiha da masu zaman kansu da su sa gyaran kayan sauti da na kiɗa cikin darussan lantarki da kafinta, ko da na makonni kaɗan ne, kuma su gayyato masu fentin mota su koyar da feshi da kariyar huhu. Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka ware wani ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, inda masu sana'ar hannu za su riƙa bayyana yadda suke aikinsu da Hausa, da ma'auni da sunayen kayan aiki kamar yadda ake faɗarsu a kasuwa, domin kusan duk abin da na koya a kan jitar nan da Turanci na same shi, ɗan yayata yana fassara mini wasu wurare. Jitar tana hannunsa yanzu da maratayin fata da wani baduku ya ɗinka mana a Kasuwar Kurmi, kuma abokansa biyu sun riga sun kawo nasu shagona, na ce ba zan karɓa ba sai sun zauna mun kwance su tare.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai gyaran rediyo,
Daga unguwar Fagge, Kano.